Yatsan Malam Idi

Bayan azahar ne, a zaurenmu na Tafoki. Mahaifina da amininsa Malam Idi, abokin tafiyarsa a siyasa, suna cin dambu a akushi ɗaya. Rediyo na ba da tarihin ƙasar Sin: jam'iyyu biyu sun haɗa kai don kawar da azzalumai, sannan ɗaya ta juya ta karkashe 'ya'yan 'yar'uwarta.

"Wal'iyazu billahi! Waɗannan ba su san amana ba," in ji Malam Idi.

Sai 'yan doka suka yi sallama, suna neman mai tara 'yan adawa. Malam Idi ya nuna mahaifina, man gyaɗa na ƙyalli a yatsansa.

Na daɗe ina karantar da babin amana. Har yau, idan na iso shi, wannan yatsan nake gani.