Ƙwai Ɗaya

Binciken digirinta na uku ya nuna mata ƙarara: yaron da hanjinsa ya rasa abinci mai gina jiki tun yaye, da wuya ƙwaƙwalwarsa ta kamo ta tsaransa.

Ta dawo gida Ibadan, ta tarar da abokin tagwaicinta, ƙato da gemu, yana fama da maɓallin riga.

Ta juya ga uwarsu. "Mama, me ya sa ni kaɗai kike ba ƙwan kazarmu muna yara?"

Uwar ta ci gaba da tuƙa tuwon amala. "Ke ce mai kai mana! Shi garin rogo ya ishe shi."

"Yaushe kika gane haka?"

"Ina na gane, kuna rarrafe? Kin dai fi shi kuka."

'Yar ta dafa ƙwai ta kai wa ɗan'uwanta. Ya mayar mata yana murmushi.

"Ai naki ne, Dokta."