Ruwan Azurfar Mai Gyaran Rediyo

Tasi'u, kife wayar nan ka ba ni kunnenka. Tun ɗazu nake jin ka kana zancen batir da kwalba da zaren azurfa, wai za ka haɗa injin da zai ba mahaifiyarka lafiya. To ni dai raina bai kwanta da shi ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Zauna in ba ka misali.

A wani gari an yi wani mai gyaran rediyo. Hannunsa akwai basira, wannan kam ba mai ƙwace masa. Da mutane suka daina kawo rediyo, sai ya jera batura, ya jona musu zare biyu na azurfa, ya tsoma a kwalbar ruwa. Ruwa ya yi hazo-hazo, ya ce shi ke nan, an samu maganin kowace cuta, shi da kansa ma kofi guda yake sha safe da yamma. Mutanenmu kuwa ka san halinsu, da sun ga abu da waya a jikinsa sai su ɗauka ilimi ne ya sauka. Cikin waɗanda suka ruɗu har da wani mai lambu, matarsa na fama da ciwon suga, ga gyambo a ƙafa. Asibiti sun ba ta ƙwayoyi, sun ce a riƙa kawo ta wankin ciwo duk bayan kwana uku. Mai lambu ya gaji da jigila, ya sayo kwalba biyu, ya ce an sallami asibiti. Kwana ashirin gyambo bai ƙame ba, sai ma wari da ya soma. Mai rediyo ya ce ai ruwan ne ya yi kaɗan, gara ya haɗa nasa injin a gida ta riƙa sha kamar ruwan randa. Mai lambu, bawan Allah, ya zare munduwar azurfa daga hannun matar, ya kai wa maƙeri ya ja masa ita ta zama zare.

Maƙerin nan tsoho ne mai zargin tsiya, irin wanda ko kyauta ka ba shi sai ya tambaye ka dalili. Ya juya munduwa a tafinsa, ya ce shekara arba'in yana narka azurfa, ya gan ta a wuya, ya gan ta a kunne da yatsa, bai taɓa jin an aika ta ciki ba. Ga kuma abin da ya daɗe yana ci masa rai. Mai rediyon nan, da suke sahu ɗaya a masallaci, ya tsiri ƙunsa lalle a farce, ƙato da gemunsa, ba ango ba. Ya kama cin goro ba ƙaƙƙautawa, mutumin da a da ko na ɗaurin aure aka ba shi sai ya miƙa wa na kusa. Ya kuma daina alwala a bakin famfo tare da jama'a, sai ya ɗauki buta ya zagaya bayan shago. Maƙeri ya mayar wa mai lambu munduwa ya ce, "Ba zan sa ta a wuta ba sai ka je ka ga alwalar mutumin nan." Mai lambu ya fita yana ƙunƙuni, yana cewa tsohon nan hassada ce ke damunsa. Amma zargi, in ya shiga kunne, ba ya fita da sauƙi. Da azahar ta yi, sai ga mai lambu ya raɓe a jikin katanga bayan shagon mai rediyo. Mai rediyo ya tsuguna, ya naɗe hannun riga, ya kurkure baki, jan goro ya fita. Subhanallahi! Dasashinsa ya koma launin darma. Inda sabon farce ya tofo a ƙasan lalle shuɗi ne kamar na marini. Fatar hannunsa ta yi toka-toka, ashe ruwan azurfar da yake sha ne ya rina shi. Bai tsaya nan ba, ya waiga hagu da dama, ya zaro ƙwayar asibiti daga aljihu ya kora da ragowar ruwan buta. Da suka haɗa ido, abin da mai rediyo ya iya faɗa kawai shi ne, "Don Allah ka rufa mini asiri. Na goge da sabulu, na goge da toka, ya ƙi fita."

Mai lambu ya bar shi nan tsugune. Ya ruga gida, ya ɗora matar a babur sai asibiti. An ceci ƙafar, amma kwana ashirin ɗin nan ba su tafi haka nan ba, yatsu biyu aka yanke mata. Matar ba ta taɓa yi masa gori ba, wannan shi ya fi yi masa zafi. Duk sanda ya ji takunta tana ɗingishi a tsakar gida, sai abinci ya fita daga ransa.

To kai, Tasi'u, shi mai lambu ya samu katangar da zai raɓe ya gane wa idonsa. Wannan da ke maka surutu a cikin waya, a ina za ka ga alwalarsa? Ka san abin da yake haɗiya in ya kashe kyamara? Tsoro nake ji maka, wallahi, don uwa guda ce gare ka. Gobe da safe ka mayar da ita wurin likitanta. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, in mutum ya ce zai ba ka riga, dubi ta wuyansa.