Takardar Tsohon Nan na Poland

Ina 'yar shekara bakwai, wata la'asar Baba ya tsayar da tasinsa kusa da masallacin Ƙiblatain a ƙasa mai tsarki, ina kujerar gaba. Fasinjan wani farin tsoho ne, Musulmi daga Poland. Maimakon ya sauka, sai ya zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa, tana ƙamshin cikin akwati. Yana magana da ɗan guntun Larabcinsa, Baba yana mayar mini da Hausa.

"Ya binti, 'yata, wai lokacin yaƙin duniya aka liƙa takardar nan a bangon garinsu. 'Yan kwaminis ne suka yi alkawarin gona da 'yanci. Babansa ya yarda, har da tafi. Da suka hau mulki ya tambaye su ina 'yancin, sai suka tafi da shi cikin dusar ƙanƙara."

"Ya dawo?"

Baba bai isar da tambayata ba. Na lumshe ido, na ga ƙanƙarar tana sauka a hankali kan itatuwan dabino, wani mutum yana nisa a cikinta.

Tsohon ya dafa kaina, ya maimaita mini sunan babansa sau uku, in riƙa sa shi a addu'a. Yau 'ya'yana sun girma suna jin sunan a addu'ata, sun ɗauka sunan wani kakanmu ne.