Gaisuwar Suruki a Gaban Allon Ces

Daina wannan tsakin don an rufe maka ƙofa ɗaya, malam, ka ji misalin wani tela. A ƙungiyar 'yan wasan ces ta garinsu, wato darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki, kowa ya san shi da buɗi ɗaya: sojan da ke gaban sarki yake fara turawa, tun yana saurayi har furfura ta fito masa. Burinsa bai wuce ya wakilci ƙungiyar a gasar jiha ba, ko da sau ɗaya ne. Shekarar da ya kai wasan ƙarshe na fid da wakilin, abokin karawarsa wani direba ne, wanda ya zauna ya haddace amsar wannan buɗi kamar karatun allo, har da tarkon da zai cafke sarauniyar tela. Shi kuwa tela bai san dawan garin ba.

Ranar wasa, tela ya miƙa hannu ke nan zai yi turin farko, sai ga surukinsa ya shigo kallo, ya yi sallama. To, wa zai amsa wa suruki ido na kan allo? Ya zame daga kujera ya russuna, yana "Sannu da zuwa, Baba," hannu kuma ya damƙi abin da ya samu. Da ya ɗago, sojan gaban sarauniya ne a yatsunsa. Dokar wasa kuwa, abin da ka ɗaga shi za ka tura. Ya tura yana jin kamar ya yi kuka. Da yake hanyar baƙuwa ce gare shi, sai ya shiga taka ta a hankali, ba ya motsa komai sai ya duba gabas da yamma. Direba kuwa ya ci gaba da zuba haddarsa a inda ba ta shiga, yana jiran sarauniyar da ba ta biyo ta nan ba, har aka ritsa sarkinsa a lungu. Direba ya tuntsire da dariya, ya nuna wa tela ramin da ya yi makonni yana haƙa masa. Tela ya dubi ramin, ya dubi surukinsa, ya sake russunawa, wannan karon har ƙasa. Tsohon da bai san doki daga soja ba ya ce, "Ai mun gaisa ɗazu." Aka yi ta dariya, shi kuma tela ya tafi gida ɗinka rigar zuwa gasa.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, wani hanin ga Allah baiwa ne.