Gyaran Muryar Baba a Sabon Faifaina

"Tsaya! Mayar da shi baya," na ce wa mai haɗa sauti a ɗakin ɗaukar waƙa.

Ga shi nan kuwa a ƙarƙashin kukan jitata: gyaran murya. Sak irin wanda marigayi Baba yake yi in ya kama ni ina kiɗa maimakon karatu.

Na sauya wayar jitar. Na kori mai ganga waje. Na sake kaɗawa, gyaran muryar ya sake fitowa. Faifai ya ƙi ƙarewa.

"Wai wa ke shigo mana ɗakin nan?" na daka wa mai haɗa sautin tsawa.

Ya dube ni, ya sassauta murya.

"Maigida, kai kaɗai ne a ciki. Duk sanda yatsanka ya goce, kai kake yin sa."