Kafin a Rufe Ƙofa

"Sake," in ji Malama Shulan.

Tsoho Pang ya sauke ajiyar zuciya, ya sake. Rayuwarsa duk a gyaran keke ta ƙare a bakin kasuwar Taiyuan ta ƙasar Sin. Yatsunsa sun san ƙusa da sarƙa, amma rubutu kam sai dai a yi haƙuri. Ita kuwa matar tasa a firamare ta yi furfura tana koyar da yara, kuma tun ciwon da ta yi bara ba ta karɓar magana daga kowa sai a rubuce.

'Yan kalmomin yau da gobe ya iya su: abinci, magani, barci. Ta yau ce ta gagare shi, ga lokaci yana tafiya. 'Yarsu Wenli tana tsaye a ƙasan bene da jakarta. Tun ranar da suka yi faɗa da uwar ta fice daga gidan, ba ta sake tako shi ba sai yau.

"Baba, in ba ita ta ce in hau ba, ba zan hau ba," ta ce masa ɗazu. "Jirgin yamma zan bi in koma."

Taurin kai dai gado ta yi, kuma ba daga wajensa ba.

Sunan yarinyar bai ba shi wuya ba, domin Shulan ta ɗora shi a kai tun tana goyo. Yana gamawa ta miƙe zaune.

"Wenli. Me ya same ta?"

"Lafiyarta lau, tsohuwa. Tana ƙasa."

"Na ce me ya same ta?" Muryarta ta cika ɗakin, kamar tana gaban aji. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Saura kalmar "dawowa". Ya san kamanninta sarai a rubutun Sinanci, ya sha ganinta a jikin allunan tasha: ƙaramin ɗaki a cikin babban ɗaki. Sai ya zana babban ya kewaye shi ruf, sannan ya cusa ƙaramin a ciki.

"Wannan ba rubutu ba ne, kewaye ne. Ban gane ba. Sake."

Ya sake, wannan karon daga ƙasa. Ta ture hannunsa.

Pang ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya maganinta. Kunun geron da ya dama mata ya huce a kan tebur. Ya leƙa ta taga, ya ga Wenli ta duba agogo, ta mayar da jakar ɗaya kafaɗar. A ransa ya ce, in an gama ai duk kama ɗaya suke, mene ne na damuwa da inda aka faro? Amma a wajen Shulan, layin da bai zo a kan bi da bi ba kamar bai zo ba ne.

"Mutuwa ta yi?" ta tambaya, a hankali yanzu. "In ta mutu ka gaya mini, Pang. Kada ka yi ta kewaye-kewaye."

Ya sake miƙa hannu. Ta riƙe masa shi, ta koma muryar da take lallaɓa 'yan aji ɗaya da ita.

"In ɗaki kake son yi, bangon hagu tukuna, daga sama zuwa ƙasa. Sai rufi ya karyo ya zama bangon dama. Wanda zai shiga ya shiga. Ƙofa ita ce ƙarshe. Kai kullum sai ka kulle gida ka bar mutane a waje."

Ya ja bangon hagu. Ya ja rufi, ya karyo. Ya shigar da ƙaramin ɗakin a hankali, layi bayan layi, leɓunanta suna binsa. Bai kai ga rufe ƙofar ba ta cafke yatsansa.

"Ta dawo?"

Ya matsa hannunta sau ɗaya, yadda suka saba in amsar e ce.

"To me kake jira? Ka hawo da ita."

Ya buɗe taga ya ƙwala wa Wenli kira har maƙwabta suka leƙo. Shulan ba ta ji kiran ba, ba ta kuma ga ƙofa ta buɗe ba, domin ciwon bara ya tafi da idanunta da kunnuwanta gaba ɗaya. Tana dai zaune ta miƙa tafin hannun da mijinta yake rubutu a kai, tana jiran yatsan 'yarta.