Wuƙar Yanke Zaren Ulpan

Zauresh ta haura shekara sittin, amma duk unguwarmu a birnin Almati babu macen da ta isa ta jera da ita a hanya. Tun tana budurwa take gudun dogon zango. Kafin masu shago su buɗe ta hau hanyar dutse ta sauko.

Shi ya sa da jikarta Ulpan ta fara tatata, ba a ko tsaya shawara ba, ita za ta yanke zare. A wurinmu in yaro ya soma takawa akan ɗaure masa ƙafafu da zare fari da baƙi, a nemo mai zafin nama ya yanke, don yaron ya gaji tafiyarsa. Mai ɗingishi kuwa ba a ba shi wuƙar, ko shi wane ne.

Ana cikin shirin biki sai wani ciwo ya tsiro mata a matsematsi. Da ta taka sai ya soke ta. 'Yarta Togjan, uwar Ulpan, ta kama ta tana dafa bango. A wurinmu Apa ake kiran uwa ko wata dattijuwa.

"Apa, mene ne haka? Tashi mu je asibiti."

"Asibitin me? Jijiya ce ta harɗe. So kike su ba ni sanda, uwar mijinki ta gani ta miƙa wa wata wuƙar? Je ki ji da tukunyarki."

Wannan taurin kai ba yau ya fara ba. Mai horar da su a ƙuruciya yakan ɗora su a sikeli kamar buhunan gari, yana cewa mai nauyi ba ta cin tsere. Mutumin ya daɗe a ƙasa, amma maganarsa na nan daram a kanta. Shayinta baƙi ne, babu madara. Cuku, kindirmo, nama, sai dai ta ɗanɗana ta ture. Lokacin da al'adarta ta riƙa ɗaukewa tana budurwa, har murna take yi wai an rage mata wahala. Da girma ya zo ta ɗauke gaba ɗaya, ba ta taɓa tunanin a duba mata ƙashi ba. Mai gudu kullum, me zai same ta?

Maƙwabciyarta Marziya kuwa ba ta wasa da cikinta, kuma kullum suka haɗu a matakala sai an taɓa.

"Marziya, in kika ci gaba da cin nan sai an faɗaɗa miki ƙofa."

"Ke dai ki riƙe ƙarfen matakalar nan da kyau, kada iska ta kwashe ki mu je nemanki can birnin Bishkek."

A ɓoye Zauresh ta je wurin wani mai ɗori. Ya murza wurin da kitsen jelar tunkiya, ya ce ta shiga ɗakin turiri ta yi gumi. Ciwon ya lafa, ta ɗauka ta warke. Wata safiya ta ɗaura takalmi ta fita, don kowa ya ga ƙafarta lafiya lau.

A fili ne, ba tudu ba gangare. Ba ta yi tuntuɓe ba, ba ta zame ba. Wani abu ta ji ya ce ƙas a ƙugunta, sai ga ta kwance a titi.

Likitar da ta duba hoton ƙashinta a asibiti ba ta ɓoye mata komai ba.

"Apa, ba faɗuwa ce ta karya ki ba. Ƙashin ne ya karye, sannan kika faɗi. Ya daɗe da tsagewa. Da kin zo tun ciwon farko, da abin bai kai nan ba."

"Ni da nake gudu tun ba a haife ki ba?"

"Gudu yana ƙarfafa ƙashi in ana ciyar da shi. Ke aiki kika yi ta ba shi babu abinci. Yanzu ya zama kamar itacen da gara ta ci ta ciki."

An yi aiki an sa ƙarfe, amma ƙashin ya ƙi riƙewa yadda ake so. Gidanta a hawa na biyar yake, kuma benen tsohon gini ne, daga matakala sai matakala. A kujera maza suka ɗauke ta suka haura da ita. Tun daga ranar duniyarta ta koma gado, taga da banɗaki. Da safe takan ga abokan gudunta suna wucewa a ƙasa, sai ta ja labule. Ni kaina in na je gaishe ta ba na iya daɗewa, tausayi ke koro ni.

Tun da ba ta iya sauka, a falonta aka yi bikin. Uwar mijin Togjan ta matso ta riƙe hannun Zauresh.

"'Yar'uwa, kin san al'ada. Ba ƙi ba ne."

"Na sani," in ji Zauresh.

Aka duba cikin mata, aka miƙa wa Marziya wuƙar, don duk da ƙibarta ƙafarta garau take. Marziya ta kasa haɗa ido da Zauresh. Ta durƙusa ta yanke zaren, mata suka ɗau shewa ana watsa alewa.

Ulpan ta taka, ta taka, ta wuce duk masu miƙa mata hannu, ta nufi kakarta. Ta kama yatsanta tana ja, wai ta tashi su tafi. Zauresh ta dafa kujera ta yunƙura, ta koma. Ta sake yunƙurawa, ta koma. Yarinyar ta gaji da ja, ta sake ta, ta tafi wurin Marziya. A nan Zauresh ta fashe da kuka a gaban baƙi.

'Yan'uwa mata, motsa jiki alheri ne, amma ƙarfin numfashi ba shi ne ƙarfin ƙashi ba. Ku ci abin da zai gina ƙashinku, in al'ada ta ɗauke ku je a gwada ƙashin, kuma ciwon da ke soke ku in kun taka ku kai shi asibiti tun kuna iya zuwa da ƙafarku.